Tafiyata Buckfast, Gidan da Korarru Suka Gina

Gidanmu gidan zuma ne. Kakana ya rasu ya bar amya a kan ɗorawa da kaɗanya fiye da awakin da ya bari a turke, mahaifina ya gada, ni kuma duk da aikin ofis ya kai ni Kano ban rabu da sana'ar ba, sai dai na bar amya na koma akwati. A wajen wata bita ta masu kiwon zuma na fara jin sunan Buckfast. Mai koyarwar ya ce wani irin ƙudan zuma ne mai sanyin hali, wanda wani ɗan zuhudu Bajamushe, wato irin Kiristocin da ke keɓe kansu don ibada, ya ƙarar da rayuwarsa wajen samar da shi a gidan zuhudun Buckfast da ke Ingila. Mu da muka saba da ƙudan da ke raka mutum har ƙofar gida, dariya muka yi. Da ɗan yayana ya aiko mini da takardar gayyata zuwa bikin kammala karatunsa a Jami'ar Exeter, na duba taswira na ga ashe tsakanin Exeter da Buckfast ko tafiyar awa guda a mota ba a yi. Na ce masa ina nan tafe, amma sai ya kai ni can.

Tun da sauran lokaci uwarsa ta shiga haɗa masa saƙo: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, da ƙunshin kilishi da ya kusa cinye rabin jaka. Kilishin dai bai bar Kano ba, domin dokar Birtaniya ba ta yarda matafiyi daga ƙasashe irin namu ya shiga da nama ko nono ba. Zuma kuwa an yarda muddin ba ta haura kilo 2 ba, sai na ɗura ta gidanmu a 'yar gora, na naɗe da leda na cusa tsakanin tufafi. Kano zuwa Kaduna a mota muka yi, muna tsayawa a shinge muna tashi, wani wurin a leƙo a ce mu wuce, wani wurin a sa direba ya buɗe but. A Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, da dare jirgin sama ya ɗaga daga Abuja, gari na wayewa muka sauka Heathrow. Layin masu koren fasfo ya yi tsawo, amma da na isa gaban jami'ar ba ta ja ni da nisa ba: me ya kawo ni, ina zan sauka, yaushe zan koma. Na miƙa mata takardar jami'a, ta yi mini murna, ta buga hatimi.

Yaron na tsaye a bakin fita. "Baffa, sannu da hanya. Bas za mu hau, jirgin ƙasa a nan sai wanda ya sayi tikiti tun da wuri." Gaskiyarsa, tikitin da aka saya ranar tafiya yakan ninka kuɗin bas. Lokacin fam ɗaya tana wajen naira 2,000, ni kuwa duk abin da na ga farashinsa sai na buga lissafi a zuci in yi salati, har ya roƙe ni in daina, wai in na ci gaba a haka ko ruwa ba zan sha ba. Mun yi kusan awa huɗu a hanya ba mu ga shinge ko ɗaya ba. Kyamarori ne a sama suke aikin, tara kuma ta wasiƙa take iske mutum a gida. Tuƙin hagu bai ba ni mamaki sosai ba, don na sha jin mahaifina yana ba da labarin yadda aka yi ta rikicewa a 1972, sa'ad da Nijeriya ta koma dama. Abin da ya wahalar da ni rana ce. A watan Yuli sai bayan ƙarfe tara na dare take faɗuwa, isha'i ta kai mutum kusa da sha ɗaya, kafin ya juya a katifa asuba ta yi.

Ranar tafiya Buckfast muka hau jirgin ƙasa daga tashar St Davids zuwa Newton Abbot. Tafiya ce gajera, amma duk wanda ya je yankin Devon ya bi ta, kuma ya zauna ta hagu. Layin dogon yana bin bakin kogin Exe, sannan ya fita gaɓar teku sosai, har a garin Dawlish babu komai tsakanin taga da ruwa sai katanga. A watan Fabrairun 2014 igiyar ruwa ta cinye wani sashe na katangar, ta bar ƙarafan dogo suna lilo a iska, aka yi wata biyu babu jirgi. Ni ɗan tudu, ban saki hannun kujera ba sai da muka wuce Teignmouth. Daga Newton Abbot bas muka shiga, fam 3 kowannenmu, ta bi da mu ta Ashburton. Wasu hanyoyin ƙauyen sirara ne ƙwarai, shingen ganye ya rufe su hagu da dama, in motoci biyu suka haɗu ɗaya ta ja baya ta raɓe, direbobin su ɗaga wa juna hannu, ba zagi ba hon.

Gidan zuhudun yana cikin kwari a bakin kogin Dart, a gindin tsaunukan Dartmoor. Hasumiyar ake fara hangowa, mai tsawon mita 48, ta dutse mai ruwan toka da aka yi wa kwalliya da wani mai ruwan ƙwai. Ba a biyan ko sisi a shiga. Kafin ka kai ga babbar majami'ar, a tsakiyar harabar, akwai wata 'yar ƙaramar coci ta mabiya Methodist da aka gina a 1881, shekara guda kafin 'yan Katolikan su iso. A da bakin hanya take, gidan ya yi ta faɗaɗa har ya kewaye ta, kuma ba a taɓa ta ba. Wata dattijuwa cikin masu aikin sa kai ta ga ina ta kallon ginin, ga hulata ga doguwar rigata, ta matso ta tambaye ni shekara nawa nake ba shi. Na ce ba zai gaza 700 ba. Ta yi dariya ta ce a 1938 aka gama shi, kuma waɗanda suka fara zama a nan 'yan gudun hijira ne. Daga nan labarin ƙudan zuma ya koma gefe, na bi ta ɗakin da aka baje tarihin gidan.

Wurin kansa tsoho ne. An kafa gidan zuhudu na farko a 1018, zamanin Sarki Kanut, wanda ɗan asalin Denmak ne. A 1147 ya shiga hannun ɗariƙar Sistashiyan, waɗanda suka yi arziki da kiwon tumaki da cinikin ulu. Sai Sarki Henri na takwas ya ɓata da Fafaroma a kan batun rabuwa da matarsa, ya ɓalle da cocin Ingila, ya kuma sa ido a kan dukiyar gidajen zuhudu. Tsakanin 1536 da 1540 ya rufe fiye da 800. Buckfast ya miƙa wuya a watan Fabrairun 1539. Aka sallami 'yan zuhudun, aka kwashe darmar rufi, ginin ya zama wurin ɗiban dutse ga duk mai son yin katanga. Wajen 1800 wani attajiri ya sayi filin, ya baje mafi yawan abin da ya rage, ya gina masaƙar ulu da gidan kansa. Abin da ya tsira daga tsohon ginin kaɗan ne: wata hasumiya da ake kira ta shugaban gida, da bakan wata ƙofa, da guntayen bango.

Waɗanda suka farfaɗo da shi daga Faransa suka fito, daga wani gida mai suna La Pierre-qui-Vire a dajin Morvan, wanda aka kafa a 1850 a kan tafarkin Waliyyi Benedik, wato rayuwar addu'a da aikin hannu. Gwamnatin jamhuriya ta lokacin tana ganin malaman coci 'yan goyon bayan sarauta ne, tana kuma son ƙwace ilimin yara daga hannunsu. A watan Maris na 1880, Jules Ferry yana ministan ilimi, aka fitar da doka cewa duk ƙungiyar addini da ba ta da izinin hukuma ta nema ko ta watse. Yawancinsu suka ƙi nema. Kafin ƙarshen shekarar 'yan sanda suka bi gida gida suna ɓalle ƙofofi, aka fitar da mutum fiye da 5,000. Mutanen La Pierre-qui-Vire suka watsu, wasu suka tsallaka Ailan suka raɓe a Leopardstown kusa da Dublin. Suna can aka ga talla a jaridar Katolika ta The Tablet: mai filin Buckfast, Dakta James Gale, yana son wurin ya koma hannun masu ibada. Ranar 28 ga Oktoba, 1882, mutum shida na farko suka iso. Haya suka fara yi, daga baya suka saya a kan fam 4,700. Shekara 343 ke nan da korar na farko.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ƙasashen nan biyu suka yi ta musayar korarru. Da Ingila ta haramta zuhudu, Turawan Ingila masu son wannan rayuwa ƙetaren teku suka gudu, suka kafa gidaje a garuruwa irin su Douai da Dieulouard, waɗanda daga baya suka shiga ƙasar Faransa. Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, aka sake koro jikokinsu na ɗariƙa, suka dawo gida, su ne suka kafa Ampleforth a 1802 da Downside a 1814. Kafin ƙarni ya cika kuma ga Faransawa da kansu suna neman mafaka a ƙasar Furotesta. Na tuna da sahabban da suka fake a Habasha wajen Najjashi, sarkin da ba addininsu ɗaya ba. Na faɗa wa dattijuwar, ta ce ba ta taɓa jin labarin ba, muka ɗan tsaya na ba ta a taƙaice, yaron yana gyara mini Turanci.

Sababbin zuwan ba su daɗe ba, ana haƙa a lambun kayan miya, sai aka ci karo da harsashin tsohon gini. Suka bi shi suna tonowa har siffar majami'ar da aka rushe ta fito a ƙasa, aka kira mai zanen gini Frederick Walters ya zana sabuwa daidai a kan tsohuwar. To amma kuɗi babu, mutane ma babu, don Ingilishi masu shiga zuhudu ba su da yawa. Sai gidan ya riƙa ɗauko yara matasa daga kudancin Jamus, har suka rinjayi Faransawan. A 1902 aka ɗaga darajar gidan, Boniface Natter, Bajamushe, ya zama shugaba na farko. Bai daɗe ba. A watan Agustan 1906 ya hau jirgin ruwan Italiya mai suna Sirio zai je Ajantina, jirgin cike da talakawa masu ƙaura zuwa Kudancin Amurka, ya daki dutse a gaɓar Spaniya kusa da Cabo de Palos ya nitse. Ɗaruruwa suka mutu, har da Natter. Abokin tafiyarsa, Anscar Vonier, ya tsira, ya dawo, 'yan uwansa suka zaɓe shi shugaba yana da shekara 30. Da hawansa ya ce za a gina majami'ar, kuma su da kansu za su gina.

A nan na fi daɗewa, gaban tsofaffin hotuna. Magini ɗaya tak gare su, Burada Peter, wanda aka tura Faransa ya koyo aikin dutse ya dawo ya koya wa saura. An aza dutsen farko a Janairun 1907, kuma tun daga ranar har aka gama ba a taɓa samun fiye da mutum shida suna aikin a lokaci guda ba. A hotunan za ka gan su cikin dogayen riguna, sun ɗaura gyauton aiki a kai, suna tsaye a kan katakan da aka ɗaure da igiya, can sama inda tsuntsu ke wucewa, babu hular kwano babu abin ɗaure ƙugu. Da guduma da kurfi ake sassaƙa dutsen, a ja shi sama da igiya da ƙarfin dantse. Wani ya faɗo daga tsayin ƙafa 50 bai mutu ba, a 1931 kuma mutum uku suka faɗo tare suka tashi ba wani mummunan rauni. Duk wannan ba a ɗauke musu ibada ba. Ƙararrawa na kaɗawa za a ajiye guduma a tafi addu'a, a dawo a ɗora. Wanda ya taɓa gina ko ɗaki ɗaya da albashi, yau bulo hamsin gobe buhun siminti biyu, zai gane irin haƙurin da ke cikin hotunan nan.

Ana tsakiyar aiki Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a 1914, Jamusawan gidan suka wayi gari 'yan ƙasar abokan gaba. Mutanen gari suka fara yi musu kallon 'yan leƙen asiri. Hukuma ba ta kai su sansanin tsare mutane ba, amma ta hana su fita daga harabar sai da izini. Suka zauna a ciki suka ci gaba da ɗora dutse. An tsarkake majami'ar ranar 25 ga Agusta, 1932, aka gama hasumiya a 1937, aka sauke katakan ƙarshe a Disambar 1938. Vonier ya dawo daga wata tafiya ba shi da lafiya, ya ga ginin a tsaye ba katako, ya rasu ranar 26 ga watan.

Cikin majami'ar sanyi ne da tsit, ga rufin dutse can sama, daɓen kuma na marmara kala-kala da aka yayyanka ƙanana aka jera. Na shafa bango a inda duwatsu biyu suka haɗu, ko farce ba zai shiga ba. A can ƙurya ta gabas akwai wani ɗakin addu'a na zamani, bangonsa guda gaba ɗaya gilashi ne mai kauri da aka farfasa aka dasa cikin kankare, aikin wani ɗan gidan mai suna Charles Norris, da aka gama a shekarun 1960. Hoto ne na Almasihu kamar yadda Kirista suke suranta shi. A matsayina na Musulmi wannan ba hurumina ba ne, amma hasken da ke ratsowa ja da shuɗi ya zuba a kan kujeru, ko makaho a gaya masa. Da azahar ta yi muka gangara bakin kogi, yaron ya duba alƙibla a waya, muka shimfiɗa rigunan ruwanmu a kan ciyawa muka yi ƙasaru. Masu wucewa da karnukansu suka kewaye mu ba wanda ya ce uffan.

Ina zaune a wurin na yi ta tunanin wani maƙwabcinmu a Kano, magini ne da rikicin Boko Haram ya koro daga Barno. Hannunsa yana da kyau, rabin sababbin gidajen layinmu shi ya ɗora su, amma har yau a shagon haya yake kwana da iyalinsa, kuma ko yaushe mai shago ya ga dama zai iya cewa ya tashi. Mutanen Buckfast ba su fi shi juriya ba. Abin da suka samu wanda bai samu ba shi ne fili da takarda, da hukumar da ta ƙyale su ko a lokacin da take zarginsu. Kuma kada a ɗauka da hannu biyu kawai suka yi: suna da coci mai rassa a duniya a bayansu, da masu hali irin su Lord Clifford, wani basaraken yankin ɗan Katolika, da ya buɗe musu aljihu. Mu a wajenmu ɗan gudun hijira buhun shinkafa ake kai masa a ɗauki hoto, a bar shi yana jiran ranar komawa garin da wataƙila ba zai sake zaunuwa ba. Waɗannan ba su jira Faransa ta huce ba.

Yunwa ta kai mu gidan abincin da ke harabar. Naman ba yankan Musulmi ba ne, sai muka tsaya a kan kifi da dankalin Turawa, muka biyo da abin da yankin ya yi suna a kai: shayi da wani ɗan curin burodi da suke kira sikon, a tsaga shi biyu a shafa kirim mai kauri da jam. Yaron ya gargaɗe ni cewa a Devon kirim ake fara shafawa sannan jam, maƙwabtansu na Cornwall kuma jam suke farawa da shi, kuma musun ya girmi kowa a wurin. Mu biyu mun kashe kusan fam 50, ban buga lissafin ba sai da na kwanta. A kantin gidan ana sayar da kayan da gidajen zuhudu na ƙasashen Turai daban-daban suke yi, sabulu, kyandir, man shafawa, alewa. Ana kuma sayar da abin da ya fi jawo wa gidan suna da surutu, wata giya mai ƙarfi da aka haɗa da sinadarin kofi, wadda asalin haɗinta daga Faransa ya zo. Wani kamfani ne yake rarraba ta, gidan yana samun kuɗi mai yawa daga cinikin. A Sikotilan an daɗe ana alaƙanta ta da rigimar matasa, 'yan siyasa sun sha yin magana a kai. Masu kare gidan suna cewa laifin mai sha ne. Ni dai abin bai kwanta mini ba, gyaran lambu da fitilun wurin ibada su dogara da abin da ke kai 'ya'yan wasu ofishin 'yan sanda.

Da yamma ƙararrawa ta kaɗa. Babbar cikinsu, mai suna Hosanna, nauyinta ya kai tan 7 da rabi. Muka zauna a kujerun baya. 'Yan zuhudun suka shigo a jere cikin baƙaƙen riguna, ba su da yawa, mafi yawansu furfura ta cinye, suka kasu gida biyu suna fuskantar juna, wannan ɓangare ya rera aya ta Zabura da Latin wancan ya amsa. Kujerun da aka yi domin mutane da yawa, rabinsu ba kowa. Ma'aikata 'yan albashi da ke kula da kantuna da lambu sun ninka masu gidan sau da yawa.

A garin Buckfastleigh muka kwana, a gidan wasu tsofaffi mata da miji da ke ba da hayar ɗakunan sama, fam 90 har da karin kumallo. Da safe matar ta tambaye mu tun kafin ta ɗora kasko, muka ce ban da naman alade, ta kawo ƙwai da wake da tumatir da gasasshen burodi. Na fito da 'yar gorata na zuba musu a cokali. Mijin ya lasa, ya yi shiru, ya sake lasa, ya ce yana jin hayaƙi a ciki da wani ɗaci-ɗaci mai daɗi da bai san furensa ba. Na ce ɗorawa ce da kaɗanya. Ashe shi ma yana da akwatuna a bayan gida. Amyoyin gidan zuhudun ba a buɗe su ga kowane baƙo, yanzu sun fi karkata ga koyar da masu son sana'ar, don haka a bayan gidan wannan tsoho na ga abin da ya kawo ni.

Ya ba ni raga na rufe fuska, shi kuwa da 'yar shat ya fita, hannu ba safa. Ya busa hayaƙi sau biyu a bakin akwati, ya ɗaga murfi, ya zaro saƙa guda cike da ƙuda ya miƙo mini. Suna ta tafiyarsu a kai kamar ba a taɓa su ba. Ya sa yatsa ya ture wasu a hankali ya nuna mini sarauniyar, da ɗigon fenti a gadon bayanta. Rana tsaka ake wannan, matarsa tana shanya a gefe. Mu da sai dare ya raba ake hawa bishiya da damin wuta, a sauko da kumburarren ido.

Shi ya ƙarasa mini labarin Burada Adam, ɗan zuhudun nan da na fara jin labarinsa a wajen bita. Sunansa na yanka Karl Kehrle, an haife shi a Jamus a 1898, aka kawo shi Buckfast a 1910 yana yaro. Ba shi da ƙarfin aikin dutse, sai aka tura shi wajen zuma. A lokacin wata cuta tana share ƙudan zuman Birtaniya, ta kashe 30 daga cikin amyoyi 46 na gidan, waɗanda suka tsira kuma masu jinin ƙudan Italiya ne. Daga nan ya kama hanyar da bai sauka ba har tsufa. A 1919 aka damƙa masa sashen, a 1925 ya kafa wurin barbara a can cikin tsaunukan Dartmoor, inda iska da sanyi suka hana wani ƙuda zuwa, don ya tabbatar wane namiji ne ya hau wace sarauniya. Ya zaga Turai da Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka har bakin Sahara yana neman iri. A 1987, yana dab da shekara 90, aka ɗauke shi a kujera aka hau da shi tsaunin Kilimanjaro neman wani baƙin ƙuda mai sanyin hali. Ya rasu a 1996.

Tsohon ya tambaye ni ko zan so irin a gida. Na ce a'a. Ko da doka ta bari, ƙudan da aka tace domin damina mai sanyi da furen ciyawar Ingila ba zai kai bazarar Kano ba, ga kwarkwasa ga ƙadangare ga ɓarawo. Faɗan namu shi ne katangarsa. Ya gyaɗa kai ya ce su ma tun 1992, da aka fara ganin baroa, ƙwaron da ke maƙale wa ƙudan zuma, a Birtaniya, kuma a nan Devon aka fara ganinsa, ba su huta da sayen magani ba, alhali ƙudan Afirka da kansa yake jure wa ƙwaron. Abin da na ga ya kamata mu ɗauka shi ne littafin da ya nuna mini, inda kowane akwati yake da shafinsa: yaushe aka buɗe, nawa ya bayar, ya yi faɗa ko bai yi ba, ya tashi ko ya zauna. A cikin namu ma akwai masu dama-dama, ba mu dai rubutawa ne balle mu san daga wanne za mu raba.

Komawa ba mu bi bas ba. Daga Buckfastleigh akwai tsohon jirgin ƙasa mai aiki da gawayi, wanda masu sha'awa suke gudanarwa, yana bin kogin Dart mil 7 zuwa Totnes. Yawancin ma'aikatansa tsofaffi ne 'yan fansho cikin kakin da, har da mai huda tikiti. Kuɗinsa ya ninka na bas sau da dama, kuma ba kullum yake tashi ba in sanyi ya shigo, don haka mai niyya ya duba jadawali tukuna. Na leƙa ta taga ina kallon shanu jajaye a bakin ruwa, kafin mu isa farar shaddata ta yi ɗigo-ɗigon baƙi tun daga wuya har aljihu. Yaron ya ce, "Baffa, wanki a nan ma da fam ake yi." A Totnes muka tsallaka 'yar gadar ƙafa zuwa babbar tasha, muka tsaya jiran jirgin Exeter.